INA LIKITAN DA ZAI ZAUNA A ƘANƘARA?

'Yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwa masu saye da sayarwa, yau muna so mu yi shawara da ku a kan wata magana wadda ba gidan da ba ta shafa ba, tun daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa, watau maganar likita. Ginin asibiti kam an yi, an shafa masa fenti, manya sun zo sun buɗe an ɗauki hoto. Mu abin da ya dame mu shi ne mutumin da zai zauna cikin ginin, wanda in an ɗauko mace a kan babur daga ƙauye, ta kwana biyu tana naƙuda, zai duba ta ya ce a shiga da ita tiyata yanzu yanzu, ya kuma iya yin tiyatar da hannunsa. A ƙidayar 2006 mutanen ƙananan hukumomin nan uku sun haura rabin miliyan, yau kuwa Allah kaɗai ya san yawansu. To, ku da kanku ku ƙidaya likitocin da ku ka sani suna kwana a cikinsu, ku gani ko yatsun hannunku za su ƙare.

Akwai dare biyu da bai kamata mutumin Ƙanƙara ya manta da su ba. Na farko ran Juma'a ne da dare, 11 ga Disamba 2020, sa'ad da 'yan bindiga su ka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati su ka kora yara fiye da 300 cikin daji a ƙasa, kamar masu kora garken awaki. Allah ya yi gyaɗar dogo, bayan kwana shida aka sako yara 344. Na biyu kuwa cikin watan Janairu 2025 ne, da su ka faɗa wa Babban Asibitin Ƙanƙara da dare, su ka harbi likita su ka ji masa rauni, su ka tafi da waɗansu mutane.

Labarin dare na farko ya kai har Amurka da Ingila, an yi ta surutu a rediyo, amma ba mu ji wanda ya tsaya ya tambayi abin da yaran nan su ke karantawa ba. Kimiyya su ke karantawa, jama'a. Daga irin wannan aji likita ke fitowa, ba shi da wata ƙofa ban da ita. Bayan wata biyu aka sake yin irin wannan a Kagara ta Jihar Neja, ita ma makarantar kimiyya ce. Gwamnatin Katsina ta rufe makarantun kwana a lokacin, iyaye da yawa kuma su ka yi rantsuwa ɗansu ba zai ƙara kwana a makaranta ba, ba kuwa wanda zai ga laifinsu. Watau a dare ɗaya an tsorata likitocin gobe, a ɗayan an harbi na yau. In ba mu haɗa waɗannan biyu mun dube su tare ba, ba za mu gane dalilin da ya sa mu ke bin layi tun asuba a asibiti, azahar ta yi a ce mana likita bai zo ba.

Bari mu koma baya kaɗan, don ƙarancin likita a Arewa tsohon ciwo ne. Turawa sun buɗe makarantar likita a Yaba, can Ikko, a 1930, amma ba cikakken likita ta ke fitarwa ba, mataimakin likita ne, wanda komi gwanintarsa yana ƙarƙashin Bature, albashinsa kuma bai kama ƙafar na Bature ba. A nan Arewa kuwa abin da aka ga ya dace da mu shi ne malamin asibiti na En'e, mai ba da kwinin da wanke gyambo. Ba raina su mu ke yi ba, sun yi aiki iyakar abin da aka koya musu, kakanninmu da yawa a hannunsu su ka warke. Likita na farko ɗan Arewa shi ne Dokta Barau Dikko, wanda aka haifa a Wusasa ta Zariya a 1912, ya yi karatu a King's College ta Ikko, sa'an nan ya ƙetare zuwa Jami'ar Birmingham a Ingila. Shi ne aka sa wa babban asibitin nan na Kaduna sunansa. Ku duba fa, ƙasa mai faɗin Arewa, shekara kusan arba'in bayan zuwan Turawa, likita ɗaya tak ta haifa! Bayansa aka sami irin su Dokta Ishaya Audu da Dokta Umaru Shehu, waɗanda su ka bi ta Badun, inda aka buɗe kwalejin jami'a a 1948. An kuma gwada wata makarantar likita a Kano a tsakiyar shekarun 1950, ba ta daɗe ba aka rufe ta. Sai a 1967 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe sashen koyar da likitanci, 'yan farinta su ka fito a 1972.

A nan ne labarin ya zo ƙofar gidanmu, shi ya sa za mu ɗan daɗe a kansa. Asibitin koyarwa na Zariya a zamanin nan ba a Zariya kaɗai ya ke ba, asibitin Kaduna da na Malumfashi duk suna ƙarƙashinsa. Malumfashin nan da mu ke cin kasuwa tare, nan a ke turo ɗaliban likita su zauna su ga ciwon mutumin ƙauye da idonsu, su shiga gidaje su duba rijiya da masai da abin da yaro ke ci. A shekarun 1970 har masu bincike daga Ingila sun zauna a ƙasar Malumfashi suna bin sawun zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da saran maciji. A Zariya kuwa Dokta Greenwood ya yi aiki a kan sanƙarau, Dokta Warrell ya yi a kan dafin kububuwa, har littattafan likitanci na duniya su ka ɗauki abin da aka gano a ƙasarmu.

Ga misali guda wanda ko wace uwa za ta gane. Likitocin Zariya, Parry da Davidson, sun lura mata masu jego suna yawan zuwa musu da kumburin jiki da haki, zuciya ta gaza, fiye da yadda a ke gani a waɗansu ƙasashe. Da su ka bi diddigi sai su ka danganta abin da al'adarmu ta jego, watau wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya bisa gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Kanwa tana da gishirin da ke tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya nauyi. Daga baya likitocinmu na Kano sun ci gaba da binciken, sun nuna akwai waɗansu dalilan kuma. Haka nan Dokta Harrison ya rubuta labarin haihuwa 22,774 da aka yi a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya nuna mafi yawan matan da su ka mutu su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awon ciki ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. A Babbar Ruga ta Katsina ma wani likita mutumin Holan, Dokta Waaldijk, ya zauna tun shekarun 1980 yana ɗinke mata masu yoyon fitsari, dubbai sun warke a hannunsa. Mun gode musu, Allah ya saka. Amma duk wanda ya karanta sunayen nan zai ga na baƙi ne. Su sai da su ka yi shekaru kafin su gane mene ne kunun kanwa, ɗan Faskari kuwa da shi aka yi jegonsa. Ashe in ya sami ilmin da su ka samu, wa zai fi shi iya zama da kakar jariri ya lallashe ta a rage kanwar?

To, yanzu bari mu auna muku hanyar, don da yawa cikinmu suna cewa ina ma ɗana ya zama likita, ba su san tsawonta ba. Da fari sai yaro ya gama sakandare da kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, watau Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Sa'an nan ya zauna jarrabawar JAMB, mai maki 400, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai a ke yin ta. Ku tuna da yaron da bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Gurbi kaɗan ne, masu nema dubbai, don Majalisar Likitoci ta Nijeriya ita ke yanka wa ko wace jami'a adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. In Allah ya sa ya shiga, shekara shida ke gabansa. Shekarar fari kimiyya ce zalla. Ta biyu da rabin ta uku zai koyi sassan jikin ɗan Adam, jijiya da ƙashi da tsoka, a kan gawa ta gaske, da yadda jini da numfashi da abinci ke aiki a jiki, sa'an nan ya zauna wata jarrabawa wadda ita ce mashigi mai zurfi, nan a ke zubar da ɗalibai da yawa. Wanda ya haye sai ya koyi cututtuka da magunguna, ya shiga asibiti yana bin manyan likitoci gado gado, sashen yara, sashen mata da haihuwa, sashen tiyata, sashen manya, da lafiyar jama'ar gari.

Shida ɗin nan ma a takarda ne. Malaman jami'a sun yi yajin aiki wata tara a 2020, su ka sake yin wata takwas a 2022, duk ɗalibin da abin ya rutsa da shi kuwa shidansa ta zama bakwai ko takwas. Ya gama, ya yi rantsuwa, amma lasisin wucin gadi za a ba shi, sai ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a babban asibiti, wata uku uku a sassa huɗu. Daga nan bautar ƙasa shekara guda. In kuma yana so ya ƙware a fanni ɗaya, kamar tiyata ko ciwon yara ko na ido, sai ya ƙara shekara huɗu zuwa shida yana aiki yana jarrabawa. Yaron da ya shiga yana da shekara 18 zai haura 30 kafin a kira shi ƙwararre. Kafin nan abokinsa da ya zauna a rumfar ubansa ya yi aure, ya gina gida, watakila har ya sauke farali.

Duk shekarun nan wa ke ciyar da shi? Karatun likita ba ya barin mutum ya yi dako ko acaba da yamma, ko hutun kirki babu. Kuɗin rajista a jami'o'in tarayya ya yi tsalle a 2023, na likitanci kuma shi ne a sama. Ga littattafai, ga kayan aiki, ga ɗaki, ga kuɗin mota zuwa Zariya ko Kano ko Sakkwato. Uban kuwa manomi ne wanda gonarsa ke bakin daji, shekara nawa bai iya nome ta ba, ko ɗan tireda ne wanda jarinsa duka bai kai kuɗin shekara ɗaya ba. An kafa asusun ba ɗalibai rance a 2024, duk mai ɗa a jami'ar gwamnati ya sa shi ya nema, kada ya ji kunya. Amma rancen nan sai wanda ya riga ya shiga jami'a, alhali 'ya'yanmu tun daga aji huɗu na sakandare su ke zubewa, inda ba malamin Fiziks, ɗakin gwaji kuwa sai ƙura da jemagu.

Akwai kuma wata ƙullalliya da mu ke so ku sani. A dokar ɗaukar ɗalibai ta jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na masu maki ne, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma an ware wa jihohin da aka bari a baya wajen ilmi, Katsina tana cikinsu. Watau an ajiye mana kujera da sunanmu. Amma wa ke zama a kanta? Sau da yawa ɗan babban mutum ne, wanda ya yi karatu a makarantar kuɗi a Abuja ko Kaduna, bai san hanyar Sabuwa ba, sai ranar da a ke bukatar takardar shaidar ƙaramar hukuma a aiko direba ya karɓo masa. Ba mu ce yaron bai iya ba, ba mu kuma ce ba ɗan ƙasa ba ne. Abin da mu ka ce shi ne kujerar da aka ware don talaucinmu, wanda bai ɗanɗana talaucin ba ne ke cin moriyarta, in ya gama kuwa ba Sabuwa zai zo ba, don ba shi da kowa a can da zai ja shi.

Wannan ya kawo mu ga ɓarakar da ta fi ko wace girma. A watan Maris 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda shi ma a Zariya ya yi karatunsa, ya faɗa da bakinsa cewa likitoci wajen 55,000 ne ke aiki a Nijeriya, kuma wajen 16,000 sun fice cikin shekara biyar. Ku raba mutum miliyan 200 da 'yan kai da 55,000, za ku ga likita ɗaya na mutum wajen 4,000 ne. Wannan ma in an raba daidai ke nan, alhali kuwa sun cunkushe a Ikko da Abuja da manyan birane. Talaka ya biya haraji an koyar da likita, Ingila da Amurka da Saudiyya sun zo sun ɗauka a dafe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Muna jin waɗansunku a rumfa suna cewa ai likitocin nan butulai ne, ba su da kishi. A yi hankali. Kai da ka ke kai masararka Dandume don ka ji can ta fi daraja, yaya za ka zagi wanda ya kai ilminsa inda ya fi daraja? Likitan da aka turo ƙauye shi kaɗai, shi ne na yara, shi ne na haihuwa, shi ne na hatsarin mota, ba dare ba rana. Wuta ta ɗauke yana tsakiyar tiyata a haska masa da fitilar waya. Ba jini a ajiye, ba iskar numfashi. Mara lafiya ya cika a hannunsa don abin da bai taka kara ya karya ba, dangi su taso masa da zagi. Ga tsoron a zo a ɗauke shi da iyalinsa, don ɓarayi sun ɗauka ko wane likita attajiri ne. Ga shi kuma in ya daɗe a ƙauye abokan karatunsa za su zama ƙwararru su bar shi a baya. Mun san akwai masu wulakanta talaka cikinsu, masu tura ka asibitinsu na kuɗi da yamma, waɗannan ba za mu rufa musu asiri ba. Amma mafi yawansu gajiya ce ta kore su.

A watan Afrilu 2023 wani ɗan Majalisar Wakilai daga Ikko, Ganiyu Johnson, ya kawo shirin doka cewa kada a ba likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki shekara biyar, har shirin ya haye karatu na biyu, likitoci su ka yi masa ca. Mu dai ba mu goyi bayansa ba. Wanda aka ɗaure da igiya, ranar da igiya ta tsinke ba za a ƙara ganin ƙeyarsa ba, kafin ta tsinke kuma da wace zuciya zai duba ɗanka? Da ma shugabannin Afirka da su ka taru a Abuja a 2001 su ka yi alkawarin ba sha'anin lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, su aka fara ɗaurewa su cika alkawarinsu, da an ce an kama hanya.

Abin da mu ke gani shi ne wannan, kuma ba mu mu ka ƙaga shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2010 ta shawarci ƙasashe cewa in suna son likita ya zauna a karkara, to su ɗauko ɗalibin daga karkara, don an gwada a wurare da yawa an ga shi ne ya fi komawa. Ƙasar Tailan ta yi aiki da wannan, a 2005 ta fito da wani shiri na ko wace gunduma likita ɗaya, a ɗauko yaro daga gundumarsa, a biya masa komi, ya sa hannu zai dawo gida ya yi aiki shekaru kaza. Wannan ciniki ne na yardar juna, irin wanda ko wane ɗan kasuwa ya sani, na ba ka jari ka dawo mini da riba. Ya bambanta da a tare mutumin da ubansa ya sayar da gona ya koyar da shi a ce ba shi da ikon tafiya. Ɗan Ƙanƙara uwarsa tana nan, kabarin kakansa yana nan, ya san wace hanya a ke bi da wadda ba a bi bayan la'asar. In ma ya tafi Kano ƙaro ilmi, zuciyarsa tana gida.

Gaskiya ɗaya ce, in an yi daidai mu kan faɗa. Gwamnatin Malam Dikko Raɗɗa bayan hawanta a 2023 ta zaɓi ɗalibai 41 daga makarantun gwamnati ta tura su Masar karatun likita. Wannan hanya ce mai kyau, musamman da aka ce daga makarantun talakawa za a ɗauko su. Amma ƙananan hukumomi 34 ke cikin jihar, ku raba 41 ku ga rabonmu. Karatun waje kuma yana da nasa hatsarin. Yaƙin Yukuren a 2022 da na Sudan a 2023 sun koro ɗalibanmu gida karatu bai ƙare ba, wanda ma ya gama lafiya sai ya ci jarrabawar Majalisar Likitoci kafin ya taɓa mara lafiya a nan. Don haka mu ke cewa a sa abin ya zama na ko wace shekara, a rubuta shi cikin doka yadda ba zai mutu da sauyin gwamnati ba, a yanka wa ko wace ƙaramar hukuma rabonta, a kuma kafe sunayen waɗanda aka zaɓa da na makarantunsu a ƙofar sakatariya kowa ya karanta. In sun dawo a ba su gida mai katanga da tsaro a cikin asibiti, a turo su biyu biyu ko uku uku don wani ya yi barci wani ya yi aiki, a ƙara wa na ƙauye alawus fiye da na birni, wanda ya yi shekara uku a Faskari kuma a sa shi gaba wajen zuwa ƙwarewa.

Rabin rabon nan kuwa na 'ya'ya mata ne, a nan maganar ta dawo kanmu, ba ruwan gwamnati. Mu ne fa mu ke cewa ba mu yarda namiji ya duba matanmu ba, mu ne kuma mu ke cire yarinya daga makaranta tana aji uku, ko da ita ce ta ɗaya a Lissafi. Likita mace daga sama za ta faɗo? Aure ba ya hana karatun nan, mata da yawa sun gama shi da goyo a baya, in dai an yi sharaɗi da miji tun wajen neman aure, iyaye kuma su ka tsaya a kai.

Wata 'yar magana kuma a gefe. Mu daina kiran duk mai farar riga likita. Nas aikinsa daban, mai haɗa magani daban, ma'aikacin lafiya na ƙauye daban, ko wannensu yana da darajarsa da iyakarsa. Mai kemis da ke ɗaura wa mutane ƙarin ruwa a bayan shago kuwa, shi ba ya cikin ko ɗaya. Muddin mun gamsu da shi, mahukunta za su ce ai mutanen can ba su rasa likita ba.

Saura ku 'yan kasuwa. Ba mu ce ku ɗauki nauyin da ke kan gwamnati ba, haƙƙinku ne, ku ci gaba da nemansa, duk ɗan takarar da ya zo rumfarku kuma ku tambaye shi yara nawa daga mazaɓar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ke karatun likita yanzu, in bai sani ba ku ce ya je ya binciko kafin ya dawo. Amma kafin gwamnati ta motsa, shekarar yaro tana wucewa. Kun iya adashi, kun iya haɗa kuɗi in gobara ta ci rumfar ɗan'uwa, kun haɗa kuɗin fansa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuna kuka kuna haɗawa. Da a ce a kan ko wace saniya da aka sayar a kasuwar Sheme, da ko wane buhun masara da aka ɗora a mota, ƙungiya za ta cire wani ɗan abu kaɗan wanda mai shi ba zai ji a jikinsa ba, a ajiye a banki da sa hannun mutum uku amintattu, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a, da ko wace kasuwa ta iya riƙe ɗalibi ɗaya ko biyu har su gama. Masu fitar da zakka su ma su tambayi malamai hukuncin ba ɗalibi matalauci.

Ba sai an jira ya shiga jami'a ba. Malaman sakandare sun san yaran da ke da kai, ku je ku tambaye su. Abin da zai fara tare yaron ƙanƙane ne, kuɗin jarrabawa, da kuɗin fom na JAMB, da 'yan makonni a gaban kwamfuta a Funtuwa ko Malumfashi kafin ranar, da kuɗin motar zuwa. Fom ɗin a farkon shekara a kan sayar da shi, 'yan makonni kaɗan a rufe. Duk wanda ya san irin wannan yaro ko yarinya a unguwarsu, ya kai maganar wurin Sarkin Kasuwa da shugabannin ƙungiya tun kaka, lokacin da amfanin gona ke hannu.